Nazarin Lamari: Mai Zanen Yadi Da Ta Nemi Sabon Tunani A Hoton Duwatsu Masu Daraja

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa sana'arta ita ce tsara zanen da ake bugawa a jikin yadi da takardar ado ta bango. Ta daɗe tana aikin ita kaɗai, tana sayar da zane ga masu buga kaya, kuma an fi saninta da furanni da ganyaye. Matsalar ta shigo ne a hankali. Duk sabon zanen da ta gama, idan ta ajiye shi kusa da na baya, sai ta ga ganyen nan ne dai ya sauya kwana, launukan ma waɗanda hannunta ya saba ɗauka ne. Masu saye ba su ce aikin ya lalace ba, amma sun rage karɓa, har ɗaya daga cikinsu ya faɗa mata kai tsaye cewa yana da irin wannan a ajiye tun daga hannunta.

Abin da ta fara yi shi ne duba ayyukan wasu masu zane a intanet, kuma hakan bai haifar da komai ba illa ya sa sabbin zanenta suka koma kama da na mutane. Sai wata rana ta ɗauki wani yankan dutsen agat da take danne takardu da shi, ta duba shi da ƙaramin madubin hannu mai ninka abu sau 10, irin wanda masu tantance duwatsu ke ɗauke da shi. Layin da ido ke gani guda ɗaya sai ya rabu gida-gida, kowane siriri da nasa launi da nasa kauri. Daga nan ta yanke shawarar ɗaukar hoton duwatsu daga kusa domin ta samu tushen zane wanda nata ne, ta kuma ba kanta shekara guda ta fitar da jerin sabbin zane daga cikinsa.

Duwatsun da ta yi aiki da su shida ne, babu wanda ya wuce santimita 5: yankan agat ɗin, da gogaggen malakit mai kore, da curin ametis mai ruwan shunayya, da firit mai ƙirar akwati da sheƙin zinariya, da labradorait, da kuma kwaz garai-garai mai siraran allurai na wani ma'adini da ake kira rutil a cikinsa.

Wata na 1 da na 2: wayar hannu

Ta fara da abin da ke hannunta, wato kyamarar waya da wani ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a kanta. Gilashin yana ƙara girma sosai, amma sai an kusanto da wayar kamar santimita 2 ko 3 daga dutsen kafin abu ya fito, kuma a wannan kusancin wayar da kanta take tare haske ta jefa inuwa a kan abin da ake son ɗauka. Idan ta kunna fitilar wayar, gogaggen malakit sai ya mayar da farin tabo a tsakiyar hoton. Tsakiyar hoto kan fito, gefuna kuma su yi dishi-dishi.

Akwai wata matsala da ba ta gane ba sai da ta buɗe hotunan a babban allon kwamfuta. Waya tana gyara hoto da kanta kafin ta nuna shi: tana ƙara wa launi ƙarfi, tana kaifafa gefen abubuwa, tana kuma shafe ƙananan ɗigo da take ɗauka hayaniyar hoto ce. Siraran layukan agat, waɗanda su ne dalilin aikin baki ɗaya, suna cikin abin da wayar ke shafewa. A ƙarshen wata na biyu tana da hotuna masu yawa da suka yi kyau a ƙaramin allo, amma babu ɗaya da za a iya faɗaɗawa a yi aiki da shi.

Wata na 3: lensi na ɗaukar kusa da matsalar zurfi

A wata na uku ta koma ga kyamara mai sauya lensi, ta sa mata lensin ɗaukar kusa mai tsawon milimita 100. Irin wannan lensi yana kaiwa ma'aunin 1:1, ma'ana abu mai faɗin santimita 1 yana sauka a kan farantin ɗaukar hoto na kyamara da faɗin santimita 1 cif. Farantin kyamararta milimita 36 ne a faɗi da 24 a tsayi, saboda haka wuri mai faɗin milimita 36 na jikin dutse yana cika hoton baki ɗaya. Lensin kuma ya bar mata tazara ta fiye da santimita 10 tsakaninsa da dutsen, wadda ta isa a shigo da haske ta gefe.

Nan ne ta ci karo da matsalar da kowa ke cin karo da ita a wannan fanni. Gwargwadon ƙara girman abu, gwargwadon raguwar zurfin wurin da ke fitowa tar. A ma'aunin 1:1, idan ƙofar lensi, wato kafar da haske ke shiga ta ciki, tana kan f/8 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙofar), zurfin da ke fitowa bai wuce kimanin milimita 1 ba. Ga yankan agat mai shimfiɗaɗɗiyar fuska wannan ba damuwa ba ce muddin an daidaita fuskarsa da kyamara sosai. Curin ametis kuwa yana da zurfin kusan milimita 12 daga tsinin da ya fi kusa zuwa gindinsa, don haka tsini ɗaya ke fitowa, sauran su narke.

Ta gwada matse ƙofar lensi zuwa f/22. Zurfin ya ƙaru zuwa ƙasa da milimita 3, wanda har yanzu bai isa ba, kuma hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Dalilin shi ne haske yana bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa, kuma a ma'aunin 1:1 ƙofar da aka sa a f/22 tana aiki ne tamkar f/44. Ƙaramar ƙofa kuma tana buƙatar a bar kyamara a buɗe na tsawon lokaci, sai kowane motsi na hannu ko na tebur ya bayyana a hoton.

Abin da ya warware wannan shi ne ɗaukar hotuna da yawa a jere a haɗe su. Ta ɗora kyamarar a kan matattara mai ƙafa uku, ta ƙara wata 'yar siririyar hanya mai sukuru da ke tura kyamara gaba kaɗan-kaɗan, ta mayar da ƙofa f/8, ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya bayan kowane rabin milimita. Curin ametis ya ci hotuna kusan 25. Manhajoji irin su Helicon Focus da Zerene Stacker suna zaɓo wurin da ya fito tar a kowane hoto su haɗa su ya zama ɗaya. Ta kuma daina taɓa kyamarar da hannu lokacin ɗauka, tana sa jinkirin daƙiƙa 2 domin girgiza ta lafa. A kan duwatsun da haske ba ya ratsawa hanyar ta yi aiki nan take. A kan kwaz da ametis ta riƙa barin wani farin hazo a gefen tsinaye, domin manhajar kan ruɗe tsakanin fuskar dutsen da abin da ke haskowa daga cikinsa, sai ta gyara waɗannan wuraren da hannu.

Ƙura ma ta zama abin kula. Ƙwayar da ido ba ya gani tana fitowa ƙatuwa a hoto, kuma ba kowane dutse ake gogewa da tsumma ba. A ma'aunin tauri da masanin ma'adinai Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, malakit kuwa tsakanin 3.5 da 4. Tun da ƙura kan ɗauko ɓurɓushin kwaz, goge malakit da busasshen tsumma na iya karce shi. Ta koma amfani da robar hura iska da buroshi mai laushi.

Wata na 4 da na 5: haske

Wannan mataki ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi sauya yadda take kallon duwatsun. Da farko ta sayi ƙaramin tanti na farin yadi wanda masu ɗaukar hoton kayan sayarwa ke amfani da shi, ta riƙa sa kowane dutse a ciki tana haska shi ta kowane gefe. Farin tabo ya ɓace, amma hotunan suka mutu. Labradorait ya fito dutse mai ruwan toka kawai, allurai na cikin kwaz suka dusashe, agat kuma ya yi duhu. Sai ta fahimci cewa duwatsun shida ba hanya ɗaya suke mu'amala da haske ba, ta koma bin su ɗaya bayan ɗaya.

Agat nau'in kwaz ne mai ƙananan zare waɗanda ido ba ya rabewa, kuma idan an yanka shi siriri haske yana ratsa shi. Da ta ɗora yankan a kan farin gilashi ta haska shi daga ƙasa, layukan da suka yi duhu a tanti suka fito kala-kala, domin wasu suna barin haske ya wuce fiye da wasu. Wannan hasken bayan ne kuma ya tona wani abu: wani yankan agat mai shuɗi ƙwarai da ta ƙara saya ashe rinanne ne. Launin ya taru a cikin tsagogi da layukan da ke shan ruwa, ya bar sauran fari. Rina agat tsohuwar sana'a ce, garin Idar-Oberstein na Jamus ya shahara da ita tun ƙarni na 19, kuma agat mai yawa da ake haƙowa a kudancin Brazil ana rina shi kafin ya shiga kasuwa. Ta ajiye wannan yankan gefe, tun da launin da ƙasa ta samar take nema.

Malakit, wanda ma'adinin tagulla ne, haske ba ya ratsa shi, kuma gogaggiyar fuskarsa tana mayar da ƙyalli. Maganinsa shi ne matatar haske, wadda ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce, guda biyu, ɗaya a gaban fitila ɗaya a gaban lensi, a juya ta lensin har ta gicciye ta fitilar. Hasken da ya dawo kai tsaye daga saman fuska ba ya wuce matatar da ke gaban lensi, wanda ya ɗan shiga jikin dutsen ya watsu kafin ya dawo shi ke wucewa. Da wannan ta samu zoben malakit tsaf, daga kore mai haske zuwa wanda ya kusa zama baƙi, ba tare da tabo ko ɗaya ba.

Da ta gwada dabarar nan a kan firit sai ya fito baƙi ƙirin, sheƙinsa ya tafi. Firit haɗin ƙarfe da kibiritu ne, fuskokinsa kuma kamar madubi suke: abin da ke gabansu suke nunawa. Don haka mai ɗaukar hotonsa abin da ke kewaye da shi yake tsarawa. Ta yanka ƙananan fararen kwali da baƙaƙe ta jera su kewaye da dutsen, yadda fuska ɗaya za ta kalli fari, ta kusa da ita ta kalli ruwan toka, ta ukun ta kalli duhu. A wannan tsari ne ta fara ganin siraran layukan da ke kwance a kan kowace fuska, ta kuma lura cewa layukan kowace fuska sun gicciye na maƙwabciyarta.

Kwaz mai allurai ya buƙaci akasin abin da aka yi wa agat. Ta sa baƙin kwali a bayansa, ta shigo da haske ta gefe kawai yadda ba zai faɗa cikin lensi kai tsaye ba. Jikin kwaz ya ɓace cikin duhu, allurai na rutil suka haskaka kamar zaren zinariya. Masu binciken duwatsu masu daraja sun daɗe suna amfani da wannan hanya wajen duba abin da ke cikin dutse.

Labradorait, wanda aka sa wa sunan yankin Labrador na Kanada, shuɗinsa ba rini ba ne. A cikinsa akwai siraran shimfiɗu masu ɗan bambancin sinadari, kuma hasken da ya dawo daga waɗannan shimfiɗu yana haɗuwa ya ƙarfafa wasu launuka ya kashe wasu. Saboda haka launin yana bayyana ne kawai idan fitila da dutse da ido suka yi wata kusurwa. Ta kashe duk fitilu ta bar ɗaya, ta ɗora dutsen a kan ɗan curin laka mai danƙo tana karkata shi a hankali har shuɗin ya tashi. Karkatawa kaɗan ta isa ta mayar da shi kore ko ta kashe shi baki ɗaya.

Wata na 6: launi

Ametis ne ya kawo batun launi. A ido shunayya ne, a hoto kuma yakan karkata zuwa shuɗi, wani lokaci zuwa ja, gwargwadon lokacin da aka ɗauka. Binciken da ta yi ya nuna tana gauraya haske iri biyu ba tare da ta sani ba: na taga, wanda da rana yake kusa da 5,500 a ma'aunin launin haske na Kelvin, da na kwan ɗaki mai ɗumi wanda ke kusa da 2,700. Kyamara ba ta iya daidaita fari a kan biyun a lokaci guda. Ta rufe labule, ta kashe kwan ɗaki, ta koma fitilun LED iri ɗaya waɗanda ma'aunin yadda suke nuna launi na gaskiya ya kai 95 cikin 100. Kafin kowane zama takan ɗauki hoton kati mai ruwan toka a ƙarƙashin hasken, sannan ta ajiye hotuna a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, domin ta daidaita launi daga baya ba tare da asara ba. Ta kuma ɗauke ametis ɗin daga bakin taga inda ta saba ajiye shi, domin launinsa, wanda ya samo asali daga ɗan ƙarfen da ke cikinsa, yana iya kodewa idan ya daɗe a rana.

Zuwa ƙarshen wata na shida tana da hotuna masu inganci na dukkan duwatsun, waɗanda za a iya faɗaɗawa sosai ba su fashe ba.

Wata na 7 da na 8: hoto ya samu, zane bai samu ba

Ta ɗauki hotunan ta sa su kai tsaye a matsayin zanen yadi. Zanen yadi dole ya maimaitu: gefen dama na kowane yanki ya haɗu da gefen hagu na mai bi masa, sama ya haɗu da ƙasa, ba tare da an ga ɗinki ba. Hoton dutse ba ya yin haka. Ta gwada juya hoton ta fuskanci kansa hagu da dama, sama da ƙasa, sai gefuna suka haɗu, amma a kowace mahaɗa wata siffa mai ido biyu ta riƙa fitowa, kuma da zarar ido ya gan ta ba ya sake ganin komai sai ita. Ta gwada shafe mahaɗar da kwamfuta, layukan agat suka karye a wurin da dutse ba ya karyewa.

Launi ma ya ƙi. Shuɗin labradorait da hasken da ke ratsa agat abubuwa ne da allo ke iya nunawa saboda allo yana fitar da haske. Tawada a kan auduga haske take sha, don haka gwajin da aka bugo mata ya dawo a dushe. Masu bugu ta hanyar allon raga kuma kowane launi da nasa allo, saboda haka hoto mai dubban launuka yana da wuyar shiga tsarinsu. Mai sayen da ta nuna wa gwajin ya yaba hotunan, ya kuma ce yadi mai hoton dutse ya riga ya cika kasuwa, bai ga hannunta a ciki ba. Watanni biyu suka wuce babu zane ɗaya da aka karɓa.

Wata na 9 zuwa na 11: abin da ya yi aiki

Sauyin ya zo ne lokacin da ta buga hotunan baƙi da fari a manyan takardu, ta shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai, ta fara bin layukan da fensir. Niyyarta rage launi ce kawai, amma bin layi da hannu ya tilasta mata ta lura da inda kowane layi ya taso da inda ya nufa. Daga nan ta koma karanta yadda kowane dutse ke samuwa, kuma a nan ne hotunan suka fara yi mata amfanin da ta nema tun farko.

Agat yawanci yana samuwa ne a cikin ramukan da iska ta bari a dutsen aman wuta bayan ya huce. Ruwa mai ɗauke da sinadarin silika yana shiga ramin, shimfiɗu su riƙa taruwa daga bango zuwa tsakiya. Shi ya sa layin waje yake bin siffar ramin da duk karkacewarsa, kowane layi na ciki kuma yake bin wanda ya gabace shi. Malakit mai zobe kuwa daga ciki yake girma zuwa waje: yana farawa daga ɗigo da yawa, kowane ɗigo yana faɗaɗa zobe a kan zobe, har zoben maƙwabta su ci karo su tsaya a kan iyaka ɗaya. Da ta gane waɗannan ƙa'idoji biyu sai buƙatar kwafar hoto ta kau. Takan zana siffar da ta ga dama ta cika ta da layuka daga waje zuwa ciki, ko ta watsa ɗigo a kan takarda ta girmar da zobe daga kowanne. Matsalar maimaituwa ta warware da kanta, domin idan ta sa ɗigon farko yadda na gefen dama zai dace da na hagu, zoben da suka taso daga gare su dole su haɗu.

Hotunan ba su zama banza ba. Daga cikinsu ta auna kaurin layuka da rula, ta ga ba su tafiya daidai wa daida: siraran layuka da yawa kan taru a matse, sai faffaɗa ɗaya ya biyo, sai kuma a sake matsewa. Wannan rashin daidaito shi ne ya raba sabon zanenta da zoben da kowa zai iya yi da kwamfuta, kuma babu yadda za ta san shi ba tare da hoto mai fitar da layin da bai kai rabin milimita ba. Daga kowane hoto kuma ta tsamo launuka biyar kacal, ta lura da yawan wurin da kowanne ya ci, ta riƙe wannan rabon a zanen.

Firit ya ba ta zane na murabba'ai masu layuka, kowane murabba'i layukansa sun gicciye na kusa da shi, cikin launi uku da suka yi daidai da fuskar da ta kalli fari da ta ruwan toka da ta duhu. Kwaz ya ba ta kusurwa: fuskokin gefensa shida suna haɗuwa a digiri 120 komai tsawo ko gajartar dutsen, abin da masanin kimiyya Nicolaus Steno ya bayyana tun 1669. Ta gina raga a kan wannan kusurwa ta watsa siraran layuka a kai kamar yadda allurai ke kwance a cikin dutsen.

Ya dace a ambata a nan cewa dangantakar ilimin ma'adinai da zanen ado ba sabuwa ba ce. Evgraf Fedorov, masanin tsarin ma'adinai ɗan Rasha, shi ne ya tabbatar a 1891 cewa hanyoyin da zane zai iya maimaituwa a kan shimfiɗaɗɗiyar fuska iri 17 ne kawai, kuma duk wani zanen yadi mai maimaituwa yana cikin ɗayansu. A bikin baje kolin Birtaniya na 1951 kuma, masaniyar kimiyya Helen Megaw ta ba masana'antu zanen tsarin ƙwayoyin ma'adinai da wasu sinadarai, suka fitar da yadi da takardar bango da kwanuka daga gare su. Matar ta ci karo da wannan tarihi ne a tsakiyar karatunta, ya kuma ƙarfafa mata gwiwa ta ci gaba da bin tsari maimakon kamanni.

Wata na 12: sakamako

Shekara ta cika tana da jerin zane da suka fito daga agat da malakit da firit da kwaz, kowanne cikin launi biyar ko ƙasa da haka, kuma dukkansu suna maimaituwa ba tare da mahaɗa ta bayyana ba. Mai sayen da ya ƙi gwajin farko ya karɓi na malakit da na firit, wani kuma ya ɗauki na agat domin takardar bango. Yawancin waɗanda suka ga zanen ba su gane daga dutse ya fito ba sai da aka faɗa musu. Ametis bai ba da zane ba, amma launukansa sun shiga cikin na kwaz. Labradorait bai ba da komai ba har shekarar ta ƙare.

Hukunci

Idan aka dubi lamarin daga farko zuwa ƙarshe, matsaloli biyu ne a cikinsa, kuma matar ta shafe watanni takwas tana ɗaukarsu ɗaya. Ta farko ita ce samun hoto mai gaskiya, ta biyu kuma ita ce samun zane daga hoton. Warware ta farko bai warware ta biyu ba, kamar yadda wata na bakwai da na takwas suka nuna, amma ba a iya tsallake ta, domin kaurin layukan agat da giccin layukan firit ba su bayyana ba sai da hoton ya inganta.

A ɓangaren ɗaukar hoto, sayen lensi da haɗa hotuna sun magance zurfi ne kawai, kuma wannan abu ne da kowa zai iya koya cikin 'yan makonni. Abin da ya fi tasiri shi ne barin tantin da ke ba kowane dutse haske iri ɗaya. A ganina watanni biyun da ta yi tana neman hasken da ya dace da kowane dutse su ne suka shirya ta ga nasarar da ta zo daga baya, domin wanda ya tambayi dalilin da ya sa firit ya yi baƙi a ƙarƙashin matatar haske ya riga ya fara tambayar yadda dutsen yake a gine. Da ta soma bin layuka da fensir tun a wata na huɗu, tana ɗauka tana zanawa a lokaci guda, da wataƙila ba ta yi asarar watanni biyu wajen tilasta wa hoto ya zama yadi ba.

Rashin nasarar labradorait ma yana da dalili bayyananne. Duwatsu huɗun da suka ba da zane kyawunsu yana cikin tsari ne, wato layi da zobe da kusurwa, kuma tsari yana iya tashi daga dutse ya koma takarda ba tare da ya rasa komai ba. Kyawun labradorait yana cikin sauyawar launi ne lokacin da dutsen ko mai kallo ya motsa, hoto kuwa kusurwa ɗaya yake kamawa, tawadar da aka saba bugu da ita ma ba ta sauya launi. Idan har za a kai shi ga yadi, ana iya bin hanyar saƙa, inda zaren tsaye da na kwance suke da launi daban-daban yadda yadin zai riƙa sauyawa idan ya motsa, kuma wannan aikin masaƙa ne wanda ya wuce iyakar bugun da matar ke yi.